Mutuwar Saje Osmanu ta Biyu

Mutum na farko a Alabar, cikin Zongon Kumasi, da aka yanka wa likkafani shekara huɗu kafin ya bukace shi, shi ne Saje Osmanu Bama mai gyaran laima. An yi haka da damunar 1953, kuma wanda ya ba da izinin sa almakashi a farin yadin shi ne maƙwabcinsa, Malam Zuberu mai wankan gawa. Saboda haka, ranar wata Talata cikin damunar 1957, da Hamamatu matar Saje ta shigo zauren Malam Zuberu bayan azahar, ba ta shigo da kururuwa ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta rage murya kamar mai neman aron gishiri.

"Malam, ya sake."

Malam Zuberu yana cikin zaɓen goro, yana ware mai tsutsa daga mai lafiya. Bai ɗago kai ba.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi. Kokonsa na nan har ya yi fata. An kira azahar, bai motsa ba."

A nan ne Malam ya ajiye goron. Shekara goma sha ɗaya ke nan Saje yana wannan zama nasa, amma kiran salla bai taɓa wuce shi a zaune ba.

"Kin gaya wa wani?"

"Ko mutum ɗaya. Ajara kawai."

Ajara matar Malam Zuberu ce, kuma ya san gaya mata magana daidai yake da aika mai shela kasuwa. Ya jawo takalmansa, ya gyara rawani, ya ji gabansa yana faɗuwa irin faɗuwar da bai taɓa ji ba a gaban gawar gaskiya.

Ya kamata a san matsayin wannan gida kafin a san nauyin wannan rana. Kakan Malam Zuberu, Malam Amidu, ya shigo Kumasi daga Salga cikin ayarin fataken goro, ɗauke da wata ƙwaryar wanka mai baƙin baki. Da ita ya yi wa mamatan Zongo wanka, ɗansa ya gaje ta, jikansa ya gaje ta. Gidan yana alfahari da abu biyu. Na ɗaya, wanda ya cika kafin la'asar bai taɓa kwana a hannunsu ba tare da an kai shi makwancinsa ba. Na biyu, ba su taɓa ce wa rayayye matacce ba. Na farkon yana nan daram har ranar da ake magana. Na biyun kuwa Saje Osmanu ne ya ɓata musu shi.

Shi Saje ya dawo daga yaƙin Bama a 1946 da adakar soja, da ɗingishi a ƙafar hagu, da wata ɗabi'a da ba a san ta a Zongo ba. Ya ce da aka harbe shi a wani daji, rundunarsu ta wuce ta bar shi, sai wani tsoho mai bin addinin Buda ya tsince shi. Tsohon ba ya da gida sai gindin itace, ba ya da kaya sai mayafi mai launin jar ƙasa, da akushin ƙarfe, da wata babbar laima da aka ɗinka wa gidan sauro a gefe. Yana cin abinci sau ɗaya a yini. Ya aske kai har da gira, kuma mutanen ƙauyen da ke kawo masa shinkafa sun nuna wa Saje cewa ba ɗan ƙasarsu ba ne, daga maƙwabciyar ƙasa Sayam ya tako da ƙafa. Wata huɗu suka yi tare, ba mai jin harshen wani. Duk sadda ciwo ya sa Saje ihu, tsohon yakan taɓa masa kan hanci da yatsa, ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali. Da ƙafar ta fara warkewa, ya share masa wata 'yar turba tsakanin itatuwa biyu, ya nuna masa yadda ake tafiya a kanta, a je, a juyo, a san an ɗaga ƙafa, a san an ajiye ta.

Wannan shi ne abin da Saje ya kawo Alabar. Ya rataye laima mai gidan sauro a reshen mangwaron tsakar gida, yana shiga bayan sallar asuba ya harɗe ƙafa, ya jingina da gindin itacen. Ya share turba mai taku ashirin da huɗu daga mangwaron zuwa katanga. Maame Adwoa mai sayar da dokunu, tuwon masarar mutanen ƙasar, a bakin titi, da ta fara ganinsa ƙarƙashin laima, ta tambaya da gaske a wane gari aka naɗa shi sarki, domin a ƙasar Asante ba kowa ke zama ƙarƙashin babbar laima ba.

Malam Zuberu kuwa tun ranar farko ya tuhume shi, domin mutum ne da ba ya yarda da abin da ba a gada ba.

"Me kake faɗi a ciki?"

"Shi tsohon yana da kalmarsa. Ni na nuna masa sama, na ce Allah. Ya gyaɗa kai."

"To, zikiri ke nan. Tijjaniyya ko Ƙadiriyya?"

"Ba ko ɗaya, Malam. Numfashi ne. In ya shiga in san ya shiga, in ya fita in san ya fita."

"Wane shehi ya ba ka izini?"

"Izinin numfashi?"

"Kada ka mai da ni yaro, Saje. Tun zamanin kakana mutanen Zongo suke numfashi, ba a taɓa jin wanda ya bar sana'arsa ya zauna gadinsa ba."

Amma Saje yana sahun farko a kowace salla, yana azumi, ba ya shan barasa kamar wasu da suka dawo tare, saboda haka Liman Mahama ya yanke cewa zama ba laifi ba ne, in dai ba a kan tabarmar wani aka yi shi ba.

Sai ranar nan ta 1953. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Hamamatu amarya ce a lokacin, kwananta tara a gidan, ba wanda ya yi mata bayanin mijinta. Ta kai koko, ta yi sallama, ta girgiza gidan sauron, ta leƙa, sai ta kurma ihun da aka ji har kasuwar Kejetiya. Malam Zuberu ya zo da sauri. Ya kira suna sau uku, ya taɓa ƙafa ya ji ta kamar randa, ya miƙe ya yi salati. Nan da nan aka auna yadi aka yanka, Sanni mai haƙar kabari ya tafi da digarsa, mata suka ɗora ruwa. Maza huɗu suka ɗauki Saje da tabarmarsa zuwa bayan ɗaki. Malam ya naɗe hannun riga, ya ɗebo ruwa da ƙwaryar kakansa, ya zuba a kafaɗar dama. Saje ya buɗe ido.

"Malam, a ɗan surka, ya yi zafi."

Biyu daga cikin mazan nan ta katanga suka fita. Da hankali ya dawo, Liman ya tambayi Saje me ya hana shi amsawa.

"Allah gafarta Malam, na ji kukan. Na ce wani ya rasu a gidan nan, bari in ƙarasa zamana in je gaisuwa."

"Da aka ɗauke ka fa?"

"Tsohon ya nuna mini, in abu ya zo a san ya zo, a koma kan hanci. Na san ana ɗauka."

Ramin bai yi asara ba, bayan kwana biyu aka sa wani baƙon mai shanu a ciki. Likkafanin kuma Saje ya ce nasa ne tun da a jikinsa aka auna, ya ninke ya sa a adaka. Wanda ya yi asara shi ne Malam Zuberu. Har shekara ta zagayo, in ya bi ta layin masu kifi, sai wata ta ɗago banda ta wutsiya ta ce, "Malam, duba mana wannan, ya cika ko da saura?" A gaban Liman da dattawa ya rantse cewa in ya sake ce wa rayayye matacce, zai kife ƙwaryar kakansa, ya bar aikin har abada. Dattawa kuma suka kafa doka cewa in Saje yana ƙarƙashin laima, ba mai kuka, ba mai yanka yadi, ba mai sa diga a ƙasa, sai Malam Zuberu ya faɗa da bakinsa.

Abin mamaki, tun daga ranar ba su rabu ba. Kullum da yamma Malam yakan jawo benci gindin mangwaron, ya ce ya zo ne ya sa ido a kan abokin gabarsa. Yana cin goro yana kushe tafiyar, Saje yana kai da komo yana ba shi amsa taku bayan taku. A farkon damunar 1957 tari ya kama Saje, ya rame har rigar sojansa ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Ya gyara laimomin da ke hannunsa, ya mayar wa masu su ɗaya bayan ɗaya, bai karɓi sabon aiki ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ya tsaya a tsakiyar turbar, ya dafa katanga.

"Malam, wannan karon ina jin da gaske ne."

"Wancan karon ma da gaske ne a wurina."

"Ka san matsalarka? Kafin ka duba ka riga ka gani. In ranar ta zo, kada ka tsaya a kaina. Zauna."

"In zauna in yi me?"

"Ka duba. Gwiwa za ta yi ciwo, ka bar ta ta yi, ba ta taɓa kashe kowa ba."

"Ni jikan Malam Amidu, kai za ka koya wa duba gawa?"

"Ni kaɗai ne gawar da ta taɓa ganin aikinka, Malam."

Wannan maganar ce take yi masa yawo a ka sadda ya ratsa ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu. Tsakar gidan ta riga ta cika. Mata sun yi cirko-cirko a bakin madafa, kowace ta toshe baki da gefen mayafi saboda doka. Liman Mahama yana tsaye da agogon aljihu a tafin hannu. Sanni ya jingina da digarsa a bakin ƙofa. Shi mutumin ƙasar Moshi ne, Hausarsa a kasuwa ya tsince ta.

"Baba Malam," in ji Sanni, "yau ni ba haƙa komai sai kai faɗi. Wancan rana na haƙa, na dawo, mai rami yana sha koko."

Liman ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malam Zuberu, ƙarfe biyu da rabi. Lorin da zai kai mu maƙabarta in bai tashi ƙarfe huɗu da rabi ba, magariba za ta same mu a hanyar Tafo, ga hadari yana haɗuwa. In abin ya tabbata, ka san ba a taɓa kwana da gawa a hannun gidanku ba. In kuwa bai tabbata ba, ka san abin da ka rantse."

"Na sani, Allah gafarta Malam. Ni na yi rantsuwar."

Ya nufi mangwaron. Ta cikin farin gidan sauron ana hango Saje a zaune, ya jingina da itacen, hannun dama a kan na hagu, kai ya ɗan sunkuya, daidai yadda aka saba ganinsa kowace safiya. Malam ya ɗaga gefen yadin, ya kira suna sau uku. Shiru. Ya taɓa ƙafa ya ji sanyi.

"Yaya?" in ji Liman.

"Wancan karon ma haka na ji."

Ya nemi madubi. Ajara ta kunce nata daga bakin zane ta miƙo. Ya cusa kai da kafaɗa cikin gidan sauron, ya kanga madubin a hancin Saje, ya matso da fuskarsa don ya gani sosai. Madubin ya yi raɓa.

"Yana da rai!" in ji wata daga baya. Hamamatu ta zube ƙasa tana hamdala.

Malam ya goge madubin, ya sake kangawa, ya sake yin raɓa. Sai ya lura raɓar a gefensa take taruwa, wajen gemunsa, domin haki yake yi kamar wanda ya hau tudun Bantama da kaya.

"Ku dakata," ya ce. "Nawa ne."

"Naka mene ne?"

"Numfashin."

Aka ji wata dariya ta kuɓuce daga wajen madafa, mai ita ta mai da ta tari. Malam ya sa aka tsago masa auduga daga matashi. Ya ɗora ɗan siririn zare a kan gashin bakin Saje, daidai ƙofar hanci. Audugar ta yi rawa. Ya kau da kai don kada iskarsa ta taɓa ta, sai ya zama ba ya ganinta. Ya juyo ya riƙe numfashi, idanunsa suka firfito, jijiyar wuyansa ta tashi, da abin ya ci ƙarfinsa ya sake shi gaba ɗaya, audugar ta tashi sama ta maƙale a haƙarƙarin laima.

"Baba Malam," in ji Sanni, "rana yana tafi."

"Ƙarfe uku da kwata," in ji Liman.

Malam Zuberu ya tsaya a durƙushe, rabinsa a ciki rabinsa a waje, gumi yana bin rawaninsa. Ya ga ƙwaryar kakansa a kife. Ya ga kuma Saje a shimfiɗe cikin ɗaki har gobe, mutane suna cewa a zamanin Zuberu aka fara. Sai ya cire takalmansa, ya jera su, ya shige gaba ɗaya, ya saki yadin a bayansa.

"Malam, me kake yi a ciki?" in ji Ajara.

"Zama."

Wurin bai ishi mutum biyu ba. Gwiwoyinsa suna gugar na Saje. Ya ciro audugar ya mayar da ita mazauninta, ya harɗe ƙafafun da rabonsu da irin wannan harɗewa tun yana makarantar allo. Ya fahimci abu ɗaya, cewa muddin ƙirjinsa yana bugun zugazugi, audugar nan ba za ta gaya masa gaskiya ba. Kafin ya san ko Saje yana numfashi, dole ya san inda nasa yake. Ya nemo shi a kan hanci, inda ya sha ganin Saje yana nunawa. Ya same shi, mai zafi, mai gaggawa. Ya shiga. Ya fita.

Bai kai uku ba zuciyarsa ta tafi layin masu kifi, ta tsaya tana mai da wa matar nan martanin da ya kamata ya ba ta tun shekara huɗu. Ya kamo ta ya dawo da ita. Ta tafi wajen goron da ya bari a buɗe cikin zaure. Ya dawo da ita. Gwiwar hagu ta fara ciwo, ta dama ta taya ta. Ya yi niyyar miƙe ƙafa, sai ya tuna in ya motsa audugar za ta motsa, ya bar gwiwar da ciwonta. Direban lori ya danna ƙaho a bakin titi. Malam ya ji, ya san ya ji, ya koma kan hanci, kuma ya ji haushin cewa abin yana aiki.

Sannu a hankali hakin ya kwanta. Numfashin ya yi laushi, ya yi siriri, har sai ya kasa kunne kafin ya same shi. Hayaniyar gidan tana nan, amma ta koma kamar ta gidan maƙwabta. Iska ta tsaya cikin gidan sauron. A lokacin ne ya duba.

Audugar ba ta motsi. Ya bar numfashinsa ya shiga ya fita sau goma, ba ta motsa ba. Ya ƙara goma. Ya dubi ramin wuyan Saje, inda rigar ta yi masa yawa, ya dubi gefen hancin, ya dubi fatar ido. Shekara talatin yana duba fuskokin mamata, kullum a tsaye, kullum da lissafin yadi da ruwa da lokaci a kansa. Bai taɓa zama ya dubi ɗaya ba. Ya ga ƙaramin tabon harsashi a ƙarƙashin kunne wanda bai san da shi ba. Ya ga baƙin man laima a farcen babban yatsa. Ya ga fuskar ta huta kamar ɗakin da aka share aka fita. Sai ya gane cewa da yammar nan ba wanda zai kushe wa tafiya, kuma ba wanda zai ba shi amsa. Hawaye ya gangaro cikin gemunsa, bai ɗaga hannu ya share ba.

A waje kuwa, abin da jama'a suke gani shi ne dattawa biyu a zaune cikin gidan sauro ɗaya, ba mai motsi a cikinsu. Ajara ta kira, "Malam." Ta ƙara kira, "Malam!" Ta matso ta leƙa ta ga idonsa a ƙasa, hannunsa a kan cinya, ƙirjinsa ba ya ɗagawa. Ta tsugunna ta taɓa ƙafarsa, wadda ta riga ta yi tsami ta mutu saboda zama. Dokar dattawa a kan Saje aka kafa ta, ba ta ambaci Malam Zuberu ba. Ajara ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah na shiga uku! Ya ja shi! Saje ya ja mini shi sun tafi tare!"

Matan da suka yini suna haɗiye kuka suka same shi a shirye, suka sake shi gaba ɗaya. Maame Adwoa ta bar dokununta ta shigo tana kiran Awurade, wato Ubangiji da harshensu. Liman ya rasa wanda zai tambaya, domin mai faɗin an mutu shi ne ake cewa ya mutu.

"Liman," in ji Sanni, "rami biyu ke nan? Ni ɗaya ba iya biyu kafin magariba koraa, ko kaɗan."

Malam Zuberu ya ji duk wannan. Ya ji sunansa cikin kukan, ya ji matarsa tana lissafa kyawawan halayen da ba ta taɓa gaya masa yana da su ba. Ya san ana kuka. Kuma ya tarar, cikin kunya, cewa yana so ya ƙarasa numfashi uku kafin ya tashi. Ya ƙarasa su. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauke audugar, ya shafa idanun Saje ya rufe su sosai, ya ɗaga yadin.

Ajara ta ja da baya ta faɗa kan Maame Adwoa.

"Ke, rufe mana baki," ya ce. "Ɗaya ne." Ya juya wajen Liman. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Osmanu ya cika."

"Ka tabbata, Malam Zuberu? Ka tuna ƙwarya."

"Na zauna na duba."

Hamamatu ba ta yi ihu ba. Ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar murfin adaka, ta fito rungume da farin yadi mai warin kafur. Sanni ya saɓa diga ya yi gaba da gudu. Malam ya yunƙura zai miƙe, ƙafafun suka ƙi, sai da maza biyu suka ɗago shi ta hammata, suka kai shi bayan ɗaki kusan yadda aka kai Saje shekara huɗu da suka wuce. Da aka kawo ruwan, ya tsoma yatsa a ƙwaryar, ya ce a ɗan surka. Ya zuba a kafaɗar dama, ya dakata kaɗan, mazan da ke riƙe da zane su ma suka dakata, ɗaya yana satar kallon katanga. Wannan karon Saje bai buɗe ido ba. Ya ci gaba da aikinsa.

Lori ya tashi ƙarfe biyar saura kwata. Duk da haka aka rufe Saje Osmanu kafin magariba, aka yi addu'a, ana shafawa ruwan sama ya sauko.

Ga abin da aka samu da abin da aka riƙe. Gidan Malam Amidu ya riƙe ƙwaryarsa a buɗe, kuma har yau ba a kwana da gawa a hannunsa ba. Likkafanin 1953 ya yi aikinsa, sai dai ya yi wa mai shi yawa da kamu ɗaya. Sanni rami ɗaya ya haƙa, mai shi kuma ya shiga. Alabar ta sami mutum na biyu da aka yi wa kukan mutuwa yana ji, masu kifi kuma suka bar Malam suka koma kan Ajara. Dattawa suka ƙara a cikin al'adar wanka cewa mai duba mamaci ya zauna tukuna, Malam Zuberu kuwa ya ce tun asali haka kakansa yake yi. Laimar, Hamamatu ta aika masa da ita bayan sadakar arba'in. Ya ce ba shi da abin yi da ita, ya rataye ta a rufe cikin zaure, sama da buhunan goro.

Turbar nan mai taku ashirin da huɗu ita ce aka zaci ciyawa za ta cinye kafin kaka. Ba ta cinye ba. Da Ajara ta tambayi mijinta abin da yake yi a kanta kowace safiya, ya ce auna wa Hamamatu wurin akurkin kaji yake yi. Shekara ta zagayo ba a ga akurki ba. In an yi ruwa da asuba, ɗan ruwa yakan kwanta a kwarin turbar, ganyen mangwaro yana yawo a kai, takalma biyu kuma suna jere a gindin itacen, bakinsu yana duban katanga.